Ayabar Lambu: Yaushe Ake Sa Mata Adda?

Ƙasarmu ta gero ce. Daga Boɗinga har Shagari, yaron da bai kai shekara goma ba ya san zangarniyar da ta ƙosa, don ya gani wurin ubansa, uban kuma ya gani wurin kaka. Haka dawa, haka wake, haka albasar rani idan wuyanta ya kwanta. Ayaba kuwa baƙuwa ce a wurinmu. Iyayenmu a kan tire suka san ta, bayan ta sha doguwar tafiya daga kudu. Ba su san ta a kan uwarta ba, saboda haka ba su bar mana gadon sanin ranar saranta ba. Yanzu da samari suka shiga dasa ta a lambuna da bayan gidaje, sai ka ga mutum ya iya dashe, ya iya ban ruwa, ya sha wahalar shekara guda, ranar ƙarshe kuma ya ɓata komai da sara ɗaya. Shi ya sa na ga ya dace in faɗa muku abin da ido ya gani, tunda ƙarfin ɗaga adda ya fara ja da baya, baki ne ya rage.

Ruwa ne ya kawo ta. Mai lambun da ke jan jigo, guga bayan guga, ba zai zuba ƙarfinsa a gindin shukar da za ta sha shekara cur ba ta ba shi komai ba. Ruwan saman da muke samu tsakanin Yuni da Satumba bai cika wuce milimita 700 ba, ayaba kuwa tana neman milimita 100 ko fiye a kowane wata, har da watannin da ko raɓa ba a gani. Tun 1980, lokacin da marigayi Alhaji Shehu Shagari yana shugaban ƙasa ya ƙaddamar da shirinsa na bunƙasa noma, ake ta maganar noman rani, amma abin bai shigo hannun ƙaramin manomi sosai ba sai a shekarun 1990, da shirin Fadama ya yaɗa gajerun rijiyoyin burtsatse da ƙananan injinan ban ruwa. Ga kuma madatsar Shagari a kan Gawon Gulbi. Da ruwa ya samu, sai mai gwaiba da mangwaro a gefen lambu ya ƙara gindin ayaba biyar ko goma. Mata ma a cikin gida sun gano cewa can bayan madafa, inda ruwan wanke-wanke ke kwarara, ayaba na jin daɗin wurin.

To, ga abin da nake so ka riƙe, ɗana. Ba a jiran ayaba ta nuna a kan uwarta. Jira ake ta ƙosa, a sare ta tana kore, ta je ta nuna a inuwa. Tana cikin 'ya'yan itacen da ke ƙarasa nuna bayan an cire su, irin mangwaro da gwanda da tumatir, ba irin lemo da kankana ba, waɗanda yadda ka tsinke su haka za su zauna. Muddin tana rataye, aikinta tara gari a ciki, wato sitaci. Idan lokaci ya yi sai ta fara fitar da wata iska da masana ke kira etilin, iskar ce ke juya garin nan ya koma zaƙi, ta tausasa naman, ta kawo ƙamshi. Abin da ba ta tara a kan uwa ba, ba za ta samo shi a ɗaki ba. Wadda aka sare da wuri za ta yi laushi daga baya, har ta sauya launi, amma ka kai baki ka ji ta lami, ga bauri a ƙarshen harshe. Wadda aka bari ta wuce lokaci kuma, ɓawonta ya tsage, kiyashi su shiga, jemagu su kwana a kanta, tsuntsaye su karɓa da safe. Kuma ƙwaya ɗaya in ta nuna a cikin nonon ayaba, iskar da take fitarwa takan ja 'yan'uwanta, kafin ka ankara nonon duka ya zube maka a lokaci guda, ba kasuwa, ba cikin da zai cinye.

Akwai abin da zafin ƙasarmu ke yi wa ayaba, wanda ya ruɗi mutane da yawa. Irin da ake kira Kabendish, wanda ya cika kasuwannin duniya, kuma gajerarsa ce masu lambu ke so don iska ba ta saurin kayar da ita, ɓawonsa ba ya rikiɗa ya koma ruwan ɗorawa yadda ya kamata idan zafi ya wuce digiri 25. In ya kai 30, cikin zai nuna, ya yi zaƙi, ya yi laushi har ya fara lalacewa, ɓawon na nan kore. Mu kuwa a Afrilu digiri 40 ba labari ba ne, ɗakin kwano ko da tsakar dare bai san 25 ba. Wanda ya tsaya jiran launi a bazarar Sakkwato, ranar da zai taɓa, yatsansa nutsewa zai yi. Na ga gidan da aka zuba wa awaki nono guda, matar gidan na ƙorafi wai ayabar ta ruɓe ba ta nuna ba. Ta nuna sarai, kwanaki ma da suka wuce, daga bakin ƙofa ake leƙenta ne. Agade ba ta da wannan hali, ita ko ana zafi takan yi rawaya.

Hannu shi ke faɗa maka gaskiya. Dubi ɗanyar ayaba da kyau: ba mulmulalliya ba ce, tana da kaifi-kaifi da suka bi tsawonta daga wuya zuwa baki, tsakaninsu a shafe, wani lokaci har da ɗan kwarmi. Tana cika, tsakanin na tasowa, kaifin na dusashewa. Duk wanda ya taɓa turke rago don layya ya san abin da nake nufi. Ba gashi ake kallo ba, hannu ake ɗorawa a gadon baya da haƙarƙari, in ƙashi ya ɓuya cikin nama an san kiwo ya karɓa. Haka za ka bi ƙwayar da babban yatsanka. In kaifin ya tokare ka, bar ta. In kana jin sa amma ya kwanta, ta kai kashi uku cikin huɗu na cikarta ke nan, wannan ita ce ta tafiya. In ya kusa ɓacewa, ƙwayar ta yi ɓul-ɓul, wannan ta gida ce, kuma ba ta da sauran kwanaki da yawa a sama.

Ba kowace ƙwaya ake taɓawa ba. Nonon ayaba sahu-sahu yake, na sama shi ya fara fitowa, shi ne babba, na ƙasa ƙanne ne, ba su taɓa kamo shi. (Masu tafsiri da yawa sun ce itacen Aljannan da aka ambata a aya ta 29 ta Suratul Waƙi'a ayaba ce, kuma wanda ya tsaya gaban nono ya ga yadda sahu ya hau kan sahu zai gane dalilinsu.) Ka kama ƙwayar tsakiya a sahu na biyu daga sama, ta bakin waje. Manyan gonakin ƙasashen waje ma ita suke sa wa ƙarfen awo. In ka ce sai sahun ƙasa ya gamsar da kai, na sama zai tsage kana tsaye.

Akwai ƙananan alamu da ke taimakawa. Koren nan mai duhu yakan washe ya koma mai haske. Ɗan ragowar furen da ke bakin kowace ƙwaya yakan bushe ya yi baƙi, in ka murza ya faɗi. Amma kada ka dogara da wannan a hunturu, don iskar ɗari kan busar da shi tun ƙwayar na siririya. In shakka ta kama ka, sadaukar da ƙwaya ɗaya, ba asara ba ce. Yanke ta a tsakiya, a gicciye, ka duba fuskar yankan. In ka ga naman fari fat, ɓawon da kauri, kusurwoyin a tsaye, ƙaro na tsattsafowa yana kama wuƙa, mayar da addarka. In tsakiyar ta fara komawa ruwan man shanu, ɓawon ya rage kauri, da'irar ta kusa cika, to fara neman wanda zai tallafe maka.

Sai lissafi, wanda yawancinku ba kwa yi. Daga dashe zuwa fure, wata 9 ne zuwa 12, gwargwadon ruwa da taki. Ranar da ƙullin furen nan mai ruwan hanta ya leƙo daga tsakiyar ganye ya sunkuyo, ranar ce abin riƙewa. Rubuta ta da gawayi a katanga, ko ka sa a wayar da kullum take hannunka, ko ka ɗaura tsumma a wuyan nonon. A Ekwado, ƙasar da ta fi kowace fitar da ayaba zuwa waje, kowane nono ana ɗaura masa kirtani mai launi, kowane mako da launinsa, don ranar sara kada a tsaya gardama. Daga fure zuwa ƙosawa, galibi wata 3 ne zuwa 4. Sai dai shekararmu ba fuska ɗaya gare ta ba, kuma a nan ne lissafin takarda kan kayar da mutum.

Ayaba ta fi sakewa tsakanin digiri 26 da 30. In sanyi ya sauka ƙasa da 14, girmanta tsayawa yake, kuma daren Disamba da Janairu a fadama yakan taɓa wajen nan. Furen da ya fito a Yuni, cikin laima da ɗumi, zuwa Satumba ya gama. Wanda ya fito a Nuwamba kuwa yana iya kai ka Maris, wata 4 har 5, yana tafiyar hawainiya, sannan da zafi ya keto sai ya yi sauri a makonnin ƙarshe. Mai lambun da ya gaji da dubawa ya ce sai wani mako, shi ne zai tarar da tsagaggiya. Furen Fabrairu da Maris kuma da bazara zai haɗu. In zafi ya haura digiri 38 uwar takan daina girma, gefen ganye ya ƙone, rana ta daki sahun sama ta ɓangaren yamma ta bar masa tabo mai ruwan ɗorawa, wanda daga baya zai koma baƙi. Wannan rawayar ta ƙuna ce, ba ta nuna ba, kuma ta sa mutane da dama sun sare ɗanya. Maganinta ka lulluɓe nonon da busasshen ganyen ayabar, ko buhun algarara, ka bar ƙasan a buɗe iska na shiga. Baƙar leda kuwa dafa ta za ta yi. Ban ruwa ma a wannan lokaci ya zama kaɗan-kaɗan a kai a kai. In ka bar ta da ƙishi mako guda don tsadar man inji, sannan ka zo ka malale gindin, ƙwayoyin da suka cika fashewa za su yi.

Ga wani abu da nake roƙon matan gida da yara su ji. Daga ranar da fure ya fito, ayaba ba ta ƙara fitar da sabon ganye, ko ɗaya. Waɗanda ke kanta su ne za su ciyar da nonon har ya ƙosa, kuma ana so a ce akwai koraye takwas ko fiye a ranar furen. Duk ganyen da aka yanka don a ƙunsa wani abu, ko a jefa wa akuya, daga cikin ƙwaya aka cire shi. Iskar hunturu ma tana yayyaga su, shi ya sa gindin da ke bayan katanga, ko bayan zana, ko layin dogon yaro, yakan riga na fili cika. Ƙullin furen da ke ci gaba da reto a ƙasa bayan sahun ƙarshe ya fito, ba ya haifar komai, ci kawai yake. Bar masa tazarar taƙi guda daga sahun ƙarshe ka yanke shi. Sannan ka nemi gwafa mai ƙarfi ka tokare wuyan uwar tun nonon bai yi nauyi ba, musamman gab da faɗuwar damina, lokacin da hadarin gabas kan zo da iskar da ke kwashe rufin kwano. Ayaba ba ta da itace a jikinta, kuben ganye ne ya naɗe juna, saiwarta kuma ba ta nitsa ƙasa sosai.

Kafin ka sa rana, tambayi kanka wa zai ci, kuma a ina. Motocin da ke sauke ayabar kudu a 'Yan Lemo ta Kano ko a kasuwannin Sakkwato sun kwana a hanya, dole aka sare kayansu da sauran kaifi. Wadda ake kaiwa Turai ta jirgin ruwa ta fi haka ɗanyantaka, a sanyin digiri 13 zuwa 14 take yin makonni a teku. Kai kuwa daga Sifawa ko Dingyaɗi, ko daga Kajiji da Dandin Mahe, ka fita da hantsi, kafin azahar kayanka na birni. Wannan kusancin shi ne jarinka. Kana iya barin taka ta cika fiye da tasu, ta fi nauyi, ta fi zaƙi. In ka sare ta siririya, ka zubar da abu ɗaya tak da ka fi mai babbar mota da shi.

Abin da ke sa a yi hakan kuwa sananne ne, kuɗi. Azumin 2025 a watan Maris ya faɗo, ana zafi, kowa na neman abin buɗa baki mai laushi, ayaba ta yi daraja. Ɗan ƙanena yana da 'yan gindaye a gefen lambun albasarsa, waɗanda suka yi fure cikin Disamba. A makon farko na azumi ya same ni bayan la'asar, yana ta zumuɗi, wani dillali na biye da shi.

"Baffa, mutumen ga ya taya, kuɗi na hannunai. Wata ukku ta cika. Mi muka jira?"

Dillalin ya durƙusa ya gaishe ni, ya ce, "Baba, ai ta yi. Ku dai ku ba ni, ni na san yadda zan yi da ita."

Na san yadda zai yi da ita ɗin, zan zo kansa. Muka taka zuwa lambun. Na kama hannun yaron na ɗora babban yatsansa a kan ta tsakiyar sahu na biyu, na ce ya bi ta daga wuya zuwa baki. Ya bi, ya sake bi, ya yi shiru. Kaifin na nan tsaye, don watanninta biyu na farko a cikin ɗari ta yi su. Ashe tun kafin ya zo wurina ya riga ya sare nono biyu ya ba wata mai talla. Bayan 'yan kwanaki ta aiko ƙanenta da saƙo cewa masu saye sun ce ba zaƙi, kada a sake kawo mata irinta. Sauran ya bar su har goman ƙarshe. Lokacin farashi ya ɗan sauka, don kayan kudu sun shigo, bai samu abin da dillali ya kwaɗaita masa a kan kowane nono ba, amma ƙwayoyin sun yi kauri, kuma wanda ya saya ya dawo neman ƙari.

Akwai wani cinikin da ya fi wannan haɗari, inda dillali zai biya kuɗin nono tun yana siriri, ya bar shi a kan uwa, wai zai dawo in ya ƙosa. Ranar da iska ta kayar, ko ɓarawo ya riga shi, sai rigima: asarar wa? Hadisi ya tabbata a Bukhari da Muslim cewa Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya hana cinikin 'ya'yan itace a kan uwarsu kafin kyansu ya bayyana. Mu da muke ƙasar da Shehu Usmanu ya zauna a Sifawa yana karantarwa kafin ya koma Sakkwato a 1815, bai kamata a ce sai an je gaban alƙali za mu tuna da wannan ba. In buƙata ta matsa maka, je wurin malaminka ya warware maka sharuɗɗan kafin ka karɓi ko sisi.

Ranar sara, sammako ake yi, kafin rana ta ɗumama ƙwayar. Sa tsohuwar rigar da ka fid da rai da ita, don ƙaron ayaba yana zuba fari kamar ba komai, ya bushe ya koma ruwan ƙasa, kuma ba sabulun da ke fitar da shi. In doguwa ce, aikin mutum biyu ne. Ɗaya ya tsaya ƙarƙashin nonon da gammo a kafaɗa. Mai adda ya cire gwafa, ya sari jikin uwar sama da kansa kaɗan, ta ɓangaren da ta karkata, sara marar zurfi, rabin kauri ko ƙasa da haka. Za ka ji tana ƙara a hankali tana sunkuyowa, har nonon ya sauka a kafaɗar mai tallafe. Sai a lokacin za a datse wuyan, a bar masa tsawon da hannu biyu za su kama. Kada nonon ya taɓa ƙasa, kada a jefa shi a amalanke, kada a ɗaure shi da roba a bayan babur ba shimfiɗar ganye. Ɗanyar ayaba ba ta nuna ciwo a ranar da ta ji shi. Sai ta fara nuna za ka ga duk inda ta bugu ya yi baƙi, mai saye kuma baƙin zai nuna maka ya rage kuɗi. A kai ta inuwa nan take. In za a rarraba sahu-sahu, a kifa kowanne a kan ganye, yankan na kallon ƙasa, har ƙaron ya tsane, kada ya bi jikin ƙwaya ya ɓata ta. Gajerar da ke cikin gida kuwa ba dole ne a sare ta gaba ɗaya ba. Uwargida na iya yanke sahun sama yau, bayan 'yan kwanaki ta yanke na biye, gida ya daɗe yana ci.

Wurin nuna, nemi ɗakin da ya fi ko'ina sanyi a gidan, na laka in akwai, kusa da randa, a yayyafa wa yashin ƙasan ruwa. Sa ta a kwali mai 'yan huji, ka jefa nunanniyar ayaba ɗaya ko mangwaro a ciki, iskarsu za ta tayar da sauran. Cikin kwana 4 zuwa 7 za ka ji ƙamshi na tashi. Kullum ka danna kusa da wuya a hankali, kada ka jira launi. Rawayar nan mai ɗaukar ido da kuke gani a hotunan kantunan Turai, a ɗakuna na musamman ake samar da ita, inda ake riƙe sanyi tsakanin digiri 15 da 20 ana sakar mata etilin da awo. A hunturu ɗakin laka yakan ba ka kusan haka kyauta. A bazara kuwa ka haƙura da kore, ka ɓare ɗaya ka ba mai saye ya ɗanɗana. Kuma kada wanda ya samu firij ya ce zai taimaka mata. Ƙasa da digiri 13 ɗanyar ayaba takan ji ciwon sanyi, ɓawon ya dushe ya yi toka-toka, ta ƙi nuna yadda ya kamata.

Yanzu ga abin da dillalin nan ya sani. Kabayid ne, farin dutsen nan mai wari da masu walda ke jiƙawa su sami wuta. Ana ƙulle shi a takarda a cusa cikin tulin ayaba a rufe, laima ta taɓa shi ya fitar da iska mai kwaikwayon etilin, kwana ɗaya biyu ɓawo ya sauya. Sai dai ɓawon kawai ya yi gaba, cikin na baya. Za ka gane ta: jiki ya yi rawaya, wuya na nan kore shar, ba ƙamshi, ka ɓare ka ji tauri a tsakiya, kuma ba ta jimawa take yin baƙi. Ba rashin daɗin ne ya fi damuna ba. Kabayid na masu walda yana ɗauke da gurɓatattun abubuwa masu guba, har da arsenik, kuma hukumar NAFDAC ta sha yin gargaɗi cewa haramun ne a nunar da 'ya'yan itace da shi. Indiya, wadda ta fi kowace ƙasa noman ayaba, ita ma ta haramta. Ka tuna su wa ke cin ayaba a garuruwanmu: tsohon da haƙora suka ƙare, jaririn da ake fara ba abinci, majinyacin da aka je dubiya, mai azumin da cikinsa ya wuni wayam. Wanda ya sayar wa mai kabayid ɗanya, ya san abin da za a yi da ita, kada ya ce hannunsa a wanke yake.

Idan iska ta riga ka ta kayar da uwa, taɓa ka ji. In kaifin ya fara kwanciya, sare ka kai inuwa, za ta nuna ko da zaƙin bai cika ba. In siririya ce ƙwarai, a fere a dafa, a ci da mai da yaji, abin da ya rage na dabbobi ne. Ba ta kasuwa ba ce.

Uwar da aka sare ba ta sake haihuwa, amma kada ka tumɓuke ta a ranar. Bar kututturen ya kai ƙirjinka na 'yan makonni, 'yar da ke gefe tana jan ruwa da abincin da ya rage a ciki, daga baya ka sassare shi ka baza a gindin ya riƙe laima. Cikin 'ya'yan da suka tsiro, zaɓi mai siririn ganye mai tsini da kaurin gindi, ba mai faffaɗan ganye tun tana ƙarama ba, don ita saiwarta ba ta da ƙarfi. Bar babba ɗaya da ƙarama ɗaya, sauran ka cire ka dasa wani wuri ko ka ba maƙwabci. Gindin da aka bar wa 'ya'ya shida, nono shida ƙanana zai ba ka, kuma duka a makare.

A wurin zaɓen 'yar nan ne ake sa ranar sara ta baɗi, ba ranar da dillali ya zo ba. Azumi yana matsowa da kwana 10 zuwa 11 kowace shekara, yanzu ya baro bazara ya doshi tsakiyar hunturu, lokacin da ayaba ke cika da nawa. Mai son ya kai kaya kasuwar azumi a shekarun nan, sai furensa ya fito wajen Satumba ko farkon Oktoba, ya sami ɗumin kaka kafin ɗari ya sauka. Wanda nasa ya fito a Disamba, ya cire rai da kasuwar azumi, ya tokare gwafarsa, ya jira ta bayan Sallah.